Motar da Ke Tsayawa a Kan Gada

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun kasuwa. Hammadi ya tashi daga rumfarsa da la'asar sakaliya, shi da 'yarsa Chaima suka kwashe bokitan zaitun da kwalaben lemun tsami mai gishiri suka jera a bayan mota, suka naɗe tamfol ɗin da yayyafi ya jiƙa. Watan Nuwamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun mutum bai gama shirin yamma ba. Kafin su shigo Verviers, garin da suke zaune, fitilun titi sun kama, sanyi ya sauko ya kwanta a kan kogi.

Suna hawa gada Hammadi ya taka kuloci zai canja giya. Kulocin ya tafi ƙasa, bai dawo ba. Inji ya yi ta kuka a banza, motar ta gangara a hankali ta tsaya cak a tsakiyar gadar, kamar dabbar da aka ja wa linzami. Motocin baya suka fara hon.

"Baba, mene ne?" in ji Chaima.

Ya sunkuya ya kai hannu zai ɗago matakin, sai ya ji ƙarfen a jiƙe, da wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Ya ja, ya ƙi. Da ya saki, ya zauna yana kallon ƙafarsa, sai matakin ya ɗago da kansa, sannu a hankali, kamar wani ne ya gaji da riƙo. Ya sa giya suka wuce. Su duka biyun sun san wace gada ce.

Motar ta Nordin ce, ɗan farin Hammadi. Tsohuwar mota ce mai shan dizal, fara, mai tsatsa a gindin ƙofa, shi ya saye ta da guminsa don ya hutar da ubansa ɗaukar kaya. A shekarar da kogin Vesdre ya yi ambaliya ya cinye rabin gari, Nordin ya fita da safe zai ɗauke ta daga bakin ruwa ya kai ta tudu. Bai dawo ba. Da ruwa ya janye aka sami motar a kan gadar nan, ƙofar direba a buɗe, laka ta tsaya daidai kujera. Shi kuwa sai bayan kwanaki aka same shi, can nesa. Aka kai shi Nador, garinsu na asali can ƙetaren teku, aka binne kusa da kakanninsa.

Abin da ya ci zuciyar gidan, wanda ba a taɓa faɗa da baki ba, shi ne wannan: ruwan bai wuce kujera ba. Da ya zauna a ciki da yana raye. Me ya fitar da shi?

Aka jawo motar aka ajiye a ɗan filin bayan gida, aka rufe ta da tamfol. Ta shekara uku a nan. Yamna, uwar Nordin, ta daina shanya a wajen don kada ta gan ta. Sai da ƙaramar motar da Hammadi yake fama da ita ta mutu murus, sannan ya yaye tamfol ya kira Firmin, bakaniken da suka shekara talatin suna zolayar juna. Firmin ya yashe tanki, ya sake wayoyi, ya sa sabon batir, motar ta tashi kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Yamna ta ji ƙarar injin daga madafa, ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Washegarin abin da ya faru a gada Hammadi ya kai motar gareji. Firmin ya hau ya taka kuloci ya saki, ya taka ya saki, ya zaga unguwa da ita ya dawo.

"Tsoho, motarka irin majinyacin nan ce da ke warkewa da ya hango likita," in ji shi. "Lafiyarta lau. Anya ba ƙafarka ce ta fara tsufa ba?"

"Ƙafata ta fi hannunka lafiya, uban 'yan kame-kame. Na ce maka ya tafi ƙasa ya zauna."

"To, bari mu bi ta a sannu."

Ya duba man kuloci, a cike yake, kuma bai yi baƙi ba. Ya shiga ƙarƙashi da fitila ya bi bututu tun daga sama har ƙasa, ko ɗigo bai gani ba. Ya ce wani lokacin robar da ke cikin famfon sama kan gaji, mai ya riƙa zillewa ta ciki ba tare da ya zubo waje ba, shi ya sa ciwon ke zuwa ya tafi. Ya sake famfon sama, ya sa Hammadi ya yi ta taka mataki yana fitar da iska, har ya yi tauri yadda ake so.

Ta yi mako guda lafiya. Ranar Asabar da magariba, a kan gadar, matakin ya sake nutsewa.

"Da zafin inji ne ko da sanyinsa?" Firmin ya tambaya.

"Da zafinsa."

"A hawa ko a gangara? Da kaya ko ba kaya?"

"A gada."

"Ban tambaye ka unguwa ba, mutumina. Ƙarfe bai san gada ba."

Amma da Hammadi ya faɗi wace gada, Firmin ya daina dariya. Yana cikin waɗanda suka je jawo motar a wancan lokacin. Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce saura famfon ƙasa, shi kuwa a irin wannan motar a cikin gidan giya yake, sai an sauke giyar gaba ɗaya.

Da suka sauke, Firmin ya haska ciki. Faifan kuloci bai cinye ba, famfon ƙasa a bushe yake. Amma a gindin gidan akwai laka baƙa, ɗanya shar kamar yau aka ɗebo ta, bayan shekara uku. A cikin lakar an jera 'yan tsakuwoyin kogi masu santsi a kewaye, kamar sheƙar tsuntsu. Firmin ya sa yatsa ya taɓa, ya janye.

"Da ɗumi," ya ce. Sai kuma ya yi tsaki. "Ɓeraye ne, ko wani abin. Kauce."

Ya jawo tiyon ruwan zafin da yake wanke inji da shi, ya sake shi a ciki. Laka da tsakuwa suka bi kwata. Hammadi na tsaye, bai tuna ya yi bisimilla ba. A cikin ƙarar ruwan ya ji kamar wani ya ja numfashi da ƙarfi, irin na wanda aka ƙona, amma ya ce a ransa tururi ne.

A yammacin ranar aka fara jifa.

Suna zaune za su sha miya, Yamna ta gutsuro burodi ke nan, suka ji ƙwas a kan rufi. Sai wani. Sai wani, yana gangarowa a kan tayal har ya faɗa mazurari. Hammadi ya fita da tocila yana shirin yi wa yaran maƙwabta faɗa. Babu kowa a titi sai yayyafi. Da ya dawo ya tarar da matarsa da 'yarsa sun ƙura wa tebur ido. Tsakuwa ce a tsakiyar faranti, ƙarama, mai santsi, ruwa na ɗiga daga jikinta. Tagogi duka a rufe suke.

Haka aka ci gaba. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar haske ya fara ja baya, sai iskar ɗaki ta yi nauyi, warin lakar kogi ya taso daga inda ba a sani ba, tsakuwa ta fara saukowa. Ba ta taɓa samun kowa ba. Tana faɗowa ne a hankali, gefen ƙafa, cikin takalmi, kan darduma. Yamna ta riƙa tsince su tana zubawa a bokiti, bakinta na motsi da addu'a. Bayan tsakuwa sai murya. Daga bayan gida take fitowa, wajen da motar ke kwana, muryar mace can ƙasa-ƙasa, tana kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa. Kira ne irin na uwar da ta fito ƙofa da magariba tana neman ɗanta.

Yamna ce ta fi jin ta. Wata rana ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, "Ka fitar da motar nan daga gidana."

"Da me za mu je kasuwa?"

"Ban sani ba. Ta ci mini ɗaya, Hammadi. Ba zan jira ta ci na biyu ba."

Ya yi alkawari zai kai ta wurin masu yanka tsofaffin motoci ƙarshen wata. A cikin madafa ya faɗa, a hankali. Amma da alama an ji.

Chaima budurwa ce mai shekara ashirin da uku, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ranakun kasuwa kuma ta tsaya a inda yayanta yake tsayawa. Mai dariya ce, mai tsokanar ubanta. A 'yan kwanakin nan dariyar ta ɗauke. Ta fara dawowa daga aiki ta wuce ɗaki ba magana, ta daina cin abinci sai ruwa. Wata magariba Yamna ta neme ta a gida ba ta gan ta ba, dole ta leƙa bayan gidan da ta shekara uku tana gudu. Ta hango ta a kujerar direba, fitila a kashe, gashinta a jiƙe sharkaf alhali ba ruwa ake yi ba. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji tana jijjigawa, tana rera wata waƙar reno da Yamna ba ta taɓa ji ba.

"Chaima? Fito, 'yata, akwai sanyi."

Yarinyar ta juyo. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Ba 'yarki ba ce yanzu," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Ki ɗanɗana ki ji."

Suka kai ta asibiti. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka auna jini, suka ɗauki hoton kai, ba su ga komai ba. Wata likita ta zauna da Yamna ta ce baƙin cikin da aka danne yakan fito ta inda ba a zata ba, ta ba da maganin barci. Da safe Chaima takan dawo hayyacinta, a gajiye, ba ta tuna komai. Da yamma kuma ta tafi. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Sai Hammadi ya tuna da Malam Allal.

Malam Allal tsoho ne mai ciwon gwiwa da ke zaune a birnin Liège, nan kusa. Ya yi karatu a tsangayoyin dutsen Rif, can ƙasarsu ta asali, tun yana yaro, bai cika son a kira shi irin wannan aiki ba, kuma ba ya karɓar komai. Ya zo a jirgin ƙasa bayan azahar tare da matarsa, Lalla Mimount, wadda ita ke riƙe mata idan yana karatu. Ya sha shayi mai na'ana'a, ya saurari labarin tun daga gada har gareji. Da aka zo kan ruwan zafi ya rufe ido.

"Kun yi bisimilla?"

Hammadi ya sunkuyar da kai.

"Ba komai. Wanda bai sani ba, bai sani ba. Ku kawo ta kafin rana ta faɗi."

Aka zaunar da Chaima a kan darduma a falo, Lalla Mimount ta rufe mata ƙafafu da bargo ta zauna bayanta. Malam ya yi alwala ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken taga yana raguwa. Tsakuwa ɗaya ta faɗo gefen gwiwarsa, bai ko dube ta ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu yatsun yarinyar suka fara rawa. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Sai ta sanƙare, ta saki wani nishi mai tsawo, warin laka ya cika ɗakin.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kuma an riga an ƙona ni," in ji muryar nan mai kauri.

"Wace ce ke?"

"Ba ruwanka da sunana."

"To, ba ruwana. Musulma ce ke?"

"Musulma ce."

"Kaico. Musulma, a jikin 'yar Musulmi, kina hana ta salla, kina hana ta abinci. Me ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Shi ne." Hannun Chaima ya ɗago ya nuna Hammadi. "Yana tsaye aka zuba mini tafasasshen ruwa a makwancina. Aka zubar da 'yan duwatsun da ɗana ke wasa da su. Yanzu kuma zai kai ɗakina a yayyanka."

"Bai san kina ciki ba. Wa ya ce ki tare a dukiyar mutane? Ina gidanki?"

"Gidana?" Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Ƙarƙashin gadar nan muke tun kafin kakan kakansu ya san akwai wannan ƙasa. Muna nan aka gina masaƙu, muna nan aka rufe su. Ruwan da ya ci gidajensu kana tsammani ya bar namu? Dangina duk sun watse, sun hau tudu. Ni na tsaya."

"Don me?"

Kan Chaima ya sunkuya, hannuwanta suka naɗe a ƙirji.

"Ina da ɗa. Ƙarami ne, bai daɗe da fara tafiya ba. Ruwa ya fizge shi daga hannuna. Idan tsoro ya kama 'ya'yanmu ba sa iya ɓoye kansu, kowa na ganinsu. Yana ta kuka a kan ruwa, ga mutane a tagogi, ga mota a kan gada. Sai ƙofar motar ta buɗe."

Yamna ta dafe bango.

"Saurayi ne mai jar riga. Bai tsaya ya duba ɗan wane ne ba. Ya faɗa ruwa ya kamo shi, na gani da idona, ya rungume shi. Ya juyo zai dawo. Sai wani itace ya taho."

Babu abin da ake ji sai agogon bango da numfashin Hammadi. Da Malam ya sake magana muryarsa ta sauko.

"Allah ya jiƙansu su biyun. Amma baiwar Allah, ki dubi abin da kike yi. Ɗansu ya ba da ransa don naki, ke kuma kin saka musu da kama 'yarsu?"

"Su sun sami nasu!" Muryar ta tashi har gilashin taga ya amsa. "An kawo musu shi, sun wanke shi, sun sa shi a ƙasa, sun san inda yake. Ni fa? Na bi kogin nan sama da ƙasa ban ga ko ƙyallinsa ba. Na dawo na shiga motar, don nan ne wuri na ƙarshe da wani ya ji tausayinsa. Shekara uku ina kwance ban dami kowa ba. Da suka fara yawo da ni, in mun zo gada nakan riƙe ƙarfen su ɗan tsaya in duba ruwa. In duba kawai. Wannan ne laifina?"

"Wannan ba laifi ba ne babba. Wanda kike yi yanzu shi ne laifi. Ki fita."

"Su bar mini ita rabin yini. Nasu da safe, nawa da yamma. Tana da ɗumi."

"Ko ƙiftawar ido ban ba ki ba."

"To su bar mini motar, kada a taɓa ta har abada."

"Ƙarfe ne, zai ruɓe, ki sake zama ba gida. Kuma mutum da aljan ba sa zama gida ɗaya a wanye lafiya, kin fi ni sani. Nemi abin da zai amfane ki."

A nan ne Hammadi ya yi magana, da wata murya da matarsa ba ta san shi da ita ba.

"Malam, ni na wanke shi. Hannuwansa a naɗe suke a ƙirji, kamar wanda ya riƙe wani abu. Da ƙyar muka miƙar da su. Ban taɓa gaya wa uwarsa ba, don ban san ma'anarsa ba."

Kan Chaima ya ɗago a hankali.

"Bai sake shi ba?"

"Bai sake shi ba."

"A ina? A ina aka same shi?"

"Can ƙasa da garin Trooz. Wata makiyaya ce a bakin ruwa, inda kogi ya yi kwana, akwai itatuwa."

"Ban kai can ba," in ji muryar, ta koma ƙarama kamar ta yarinya. "Ban zaci sun yi nisa haka ba. Ka kai ni."

Hammadi bai taɓa komawa wurin ba tun ranar da 'yan sanda suka kai shi, ko hanyar ba ya bi. Ya dubi matarsa. Ya dubi 'yarsa, da ƙasusuwan wuyanta.

"Zan kai ki."

"Yanzu za ki fita daga jikinta," in ji Malam, "ki koma motar, ya kai ki. Daga can ki bi danginki tudu, ko kin samu ko ba ki samu ba. Ba ke ba gidan nan, ba ke ba zuriyarsu. Ki rantse."

"In na fita ya saɓa fa? Na san 'yan Adam."

"Kin san ɗaya daga cikinsu. Wannan ubansa ne."

Ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan, Malam ya sa ta maimaita. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu, kada ta taɓa ido ko kunne. Ya ci gaba da karatu. Ƙafar yarinyar ta yi ta karkarwa a ƙarƙashin bargo, ta miƙe, sannan jikin duka ya saki ya faɗa hannun Lalla Mimount. Can a bayan gida suka ji ƙofar mota ta rufu, a hankali.

Chaima ta buɗe ido. "Inna," ta ce, "yunwa nake ji."

Yamna ta rungume ta, ta shafa kanta, ta ɗumama mata miya ta ba ta da hannunta. Sannan ta miƙe ta ɗauko mayafinta da rigar sanyi.

"Ina za ki?" in ji Hammadi.

"Inda za ka."

Malam ya ce shi gwiwarsa ba za ta kai shi ba, kuma wannan tafiyar tasu ce su biyu. Shi da matarsa za su zauna da yarinyar. Ya ce idan sun isa su buɗe ƙofa su yi sallama, kada su roƙi komai, kada su jira ganin komai.

Sauran haske kaɗan ya rage a yamma lokacin da suka fita. Yamna ta hau motar ɗanta, ta zauna a bakin ƙofa, ta bar kujerar tsakiya ba kowa. Hammadi ya lura, ya tayar da mota. Suka bi hanyar da ke rakiyar kogi, ta cikin garuruwan da har yanzu wasu gidajensu ke tsaye ba tagogi, da zanen laka a bango daidai inda ruwa ya kai. Kujerar tsakiya ta yi sanyi har Yamna na ji a kafaɗarta. Ba ta matsa ba.

Ya sauka daga kwalta ya bi wata 'yar hanyar manoma har ta ƙare a bakin shinge. Ya kashe inji. Makiyaya ce kawai, ciyawa jiƙaƙƙiya, shanu biyu can nesa, da jerin itatuwa masu sunkuyawa a kan ruwa. Kogin da ya yi wancan aiki yana tafiya a hankali, bai fi a tsallake shi da ƙafa ba.

"Can ne," in ji Hammadi, ya nuna da hannu. "Gindin na ukun, wanda ya karkace."

Yamna ta buɗe ƙofa ta sauka, ta tsaya gefe ta riƙe ƙofar, kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Wani sanyi ya wuce ta gabanta. Ciyawa ta kwanta a layi ɗaya, daga motar zuwa itatuwan, alhali babu iska.

Suka tsaya. Duhu yana haɗuwa. Can daga gindin itacen suka ji murya ta tashi sau ɗaya, doguwa, ta mace. Har yau Hammadi bai iya cewa kukan wadda ta samu ne ko na wadda ta rasa ba. Daga nan sai ƙarar ruwa.

Malam ya ce kada su jira, amma Yamna ta taka har bakin shinge. Ta dafa itacen shingen da hannu biyu, ta ɗaga murya kaɗan, yadda mata ke yi a gidan makoki.

"Sannu, 'yar'uwa. Ya haƙuri? Allah ya ba mu dangana, ni da ke."

Babu amsa. Ta ɗan ƙara tsayawa tana kallon wurin da ɗanta ya kwanta, sannan ta dawo ta hau. Hammadi ya tayar da mota ya juya, suka kama hanya. Warin laka ya tafi, sai ƙanshin zaitun da ya kama katakon baya.

Fitilun gari sun fara bayyana a gaba lokacin da Yamna ta ce, "Tun yana ƙarami haka yake. Ko ɗan kyanwa ya gani a kwata sai ya shiga."

"Haka yake," in ji Hammadi.

Ta gyara mayafinta. Sai kuma ta kai hannu ta rufe bakinta, kafaɗunta suka fara rawa.

"Hammadi," ta ce, "ban ko tambaye ta sunan yaron ba."